Fuskar Ɗan Fari

Shafi na 27

Masu aiko mini da saƙo tun asuba wai na bar Kubura a tasha na tafi yawona, na ji ku. Wayata ce ta faɗa bokitin wanki, sai jiya ta farfaɗo.

Wanda yau ya fara biyo mu, ga inda muke. Shekarar 1988 ce, a garin Gwandu. Lukuman malamin gona ne, aka tura shi kwas ƙasar Holan kan noman shinkafa. Da ya gama sai ya sa aka kai masa matarsa Kubura da tagwayensu, Hassan da Huseina, suka zaga Amsterdam da Landan da Paris, kyamara rataye a wuyansa. Sun dawo bai rufa wata ba mota ta kife da shi a hanyar Sakkwato. Fim ɗin hotunan ya zauna a akwati har Kubura ta fita takaba, sannan ta kai shi garinsu Kalgo wurin Albarka mai hoto a wanke mata. Shi kuma Albarka ya yi abin da duk mai hoto yake yi: ya zaɓi wanda ya fi kyau ya manna a gilashin ƙofar shago don jan kasuwa. Ranar kasuwar Kalgo, Bappa Haruna, ƙanin mahaifin Lukuman kuma babban gidan yanzu, ya gani da idonsa. Ya kwashe komai, ya aika Kubura ta zo Gwandu yau ɗin nan.

Mu je zuwa.

*

Daga tasha Kubura ba ta tsaya gaisawa da kowa ba. Hassan a hannun dama, Huseina a hagu, tana tafe tana jan su har suna haɗawa da gudu.

A zaure Rabi ta tare ta, ƙanwar marigayi, idonta ya yi ja.

"Yaya Kubura, don Allah ki yi sanyi. Ko mi yac ce, ki ce to."

"Ina hotunan?"

"Suna aljihu nai."

"Dut?"

"Dut. Har da baƙin abin nan mai tsawo. Albarka bai rage ko guda ba."

Kubura ta miƙa mata hannuwan yaran.

"Kai su ɗaki, ki ja ƙohwa."

Tana shiga tsakar gida abin da ta fara gani kasko ne cike da garwashi. Ana wannan zafin na bazara, wanda ko kaji sun buɗe baki suna haki, wa zai ji ɗari? Nan take ta san abin da aka kira ta yi.

Bappa Haruna yana zaune kan buzu a gindin darbejiya, ya harɗe ƙafa. Matan gida kowacce ta sami abin yi a bakin ƙofarta, mai tankaɗe, mai tsifar kan yarinya, alhali kunnuwa duk suna wuri ɗaya.

Can gefen rumbu kuma Inno ce, mahaifiyar Lukuman, ta juya wa kowa baya tana tsintar shinkafa a faifai.

Ku bari in gaya muku wace ce Inno, don Kubura ta daɗe da ita a rai. Lukuman ɗan farinta ne. A gidansu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon fuskarsa, ba ta shiga maganarsa ko da yankan shi ake yi. Tun yaye aka miƙa shi ga kakarsa. In ya shigo gaishe ta ƙasa take duba, in za ta ambace shi sai dai ta ce "wancan". Ranar da aka kawo gawarsa ta yi salati sau ɗaya, ta tashi ta ci gaba da dama fura wa masu gaisuwa. Mutanen gari suka yi ta yabon kunyarta. Kubura kam ta kasa yabawa, a ganinta wannan ba kunya ba ce, zuciya ce ta bushe.

Ta durƙusa nesa kaɗan da buzun.

"Bappa, ina wuni."

"Kin san abin da nig gani Kalgo?"

"An hwaɗa min."

"An hwaɗa miki. Ni da idona nig gani. Na tahi sai da bijimi, in iske maza sun yi cincirindo bakin shagon mai hoto kamar ana rabon taki. In leƙa, in ga matar ɗana cikin gilashi. Gyale ya zame, haƙora waje, hannun namiji bisa kahwaɗa. Wani mahauci har shina cewa ashe haka matan Gwandu ka yi in sun ƙetare ruwa."

"Albarka bai kyauta ba, Bappa. Wanki nib ba shi, ban ba shi talla ba."

"To madalla da kinka san an yi laihi."

"Shi yay yi laihi. Amma hannun da kag gani bisa kahwaɗata, na wa na?"

Mai tankaɗe ta tsaya da tankaɗe.

"Mi kinka ce?"

"Na mijina na. Kai kab ba da goron auren, gabanka anka ɗaura shi."

Rabi da ta dawo daga ɗaki ta dafe ƙirji. Ni kaina mai ba ku labari na so Kubura ta ɗan rage, amma kun san ta, in ta ɗauko magana sai ta dire ta.

Bappa ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro ambulan mai kauri, ya ajiye tsakaninsu.

"Ba gardama nik kira ki ba. Ga wuta, ga hotuna. Da hannunki za ki zuba su, matan gida su shaida, gobe gari ya ji kin gane kurenki. Shi ke nan magana ta mutu."

Kubura ta dubi ambulan ɗin. Ko sau ɗaya ba ta ga abin da ke ciki ba. Ranar da Albarka ya ce ta dawo ta karɓa, ranar Bappa ya riga ta.

"Ba ni zubawa."

"Kubura."

"Jiya Huseina tat tambaye ni ko babanta shina da gemu. Shekararta huɗu, Bappa, ta hwara mantawa. Gidan ga dut babu hoto nai ko guda sai wanga ambulan. In ɗauka da hannuna in sa wuta? Wallahi ba ni yi."

"Mamaci addu'a shika so, ba takarda ba."

"Ina yi mai addu'a. Ɗiya nai kau huska tai suka so su gani."

Bappa ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya gama shawara tun kafin a zauna. Ya buɗe ambulan ɗin ya fara zaro fim ɗin, dogo, baƙi-baƙi, yanka-yanka.

"Mai hoton ya ce wanga shi na uwar hotunan. In shina nan, ko an ƙone su ana sake wanko wasu. To da shi za mu hwara."

Ya jefa.

Fim ɗin ya nannaɗe, ya yi ƙuna, wari ya tashi mai shaƙe maƙogwaro. Kubura ta bi shi da kallo. Abin da ta dogara da shi ke nan tun daga mota, ta ce ko ya ƙone takardun za ta lallaɓe shi ta karɓi fim. Yanzu abin da ya rage a duniya sai wanda ke hannun tsohon nan.

Hawaye ya taho mata. Ta haɗiye shi da ƙarfi, don ta rantse ba za ta yi kuka a gaban kaskon nan ba.

Bappa ya zaro hotunan. Shi ba ya son ganin abin da ke jikinsu, sai ya riƙe su bayansu na kallonsa. Abin da bai lura ba, duk wanda ya ɗaga, fuskar hoton Kubura take kallo.

Na farko ya ɗago.

Kubura ta gyara durƙuso, ta ɗaga murya yadda har na bakin rijiya za su ji.

"Amsterdam ke nan. Garin da ruwa yab bi ta tsakiyar unguwa. Ga mu cikin jirgin ruwa mai ruhin gilashi, ga Hassan cikin rigar sanyin aro ta kai mai har ƙahwa. Babansu ya ce ma matuƙin, masuntan Kalgo sun hi shi iya juya jirgi."

"Wa yat tambaye ki?"

"Ba kowa. Ƙone, Bappa."

Ya jefa. Ya ɗago wani.

"Wanga ranar da yah hau keke da babbar riga. Garin kowa keke shika hawa, har tsohuwa mai hurhura. Bakin rigar yas shige sarƙa, sai ga malamin gona kwance bisa titi, Turawa na ba shi haƙuri shi kau shina dariya."

Wata daga cikin matan ta yi ƙiƙ, ta toshe baki da zane.

Bappa ya watsa mata harara, ya jefa.

Haka suka yi ta yi. Yana ɗagowa tana faɗa, yana jefawa tana bin hoton da ido har ya baƙe. Gonar furanni da ba ta da iyaka. Tagwaye suna lasar ƙanƙara mai zaƙi suna yamutsa fuska. Matan gida da suka zo kallon a ci mutuncin Kubura, sai ga su sun matso suna leƙen Turai ta saman kafaɗarta.

Ya ɗago wani, Kubura ta yi ɗan murmushi.

"Wanga kam naka na, Bappa."

Hannunsa ya tsaya.

"Saniya ta. Baƙi da hwari, ba ta da tozo, hantsarta kamar tulu. Sai da yas sa direba yat tsaya bakin hanya, yat tsallake shinge don ya ɗauko ta. Ya ce in Bappa bai gani da ido nai ba, cewa za shi yi ƙarya nika yi."

Duk Gwandu an san Bappa Haruna da shanu. In ana hirar saniya ko abinci aka ajiye masa sai ya huce. Na rantse muku sai da wuyan hannunsa ya fara juyowa, kaɗan ya rage ya leƙa. Sai ya tuna mata na kallonsa.

Ya jefa saniyar a wuta, amma bai dubi kaskon ba.

"Landan ke nan. Dandalin tantabaru. Ga guda bisa hula tai, ga biyu bisa kahwaɗa, Hassan na kuka shina cewa za su tahi da Baba. Ruwa anka yi muna ranar tun sahe har dare."

Wuta.

"Nan munka yi la'asar cikin lambun gari, bisa ciyawa. Shi yaj ja mu. Wani ɗan sanda yat tsaya nesa har munka sallame, kana yaw wuce. Ka ji, Bappa? Ko can ba mu bar salla ba."

Bappa ya jefa. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, ga zafin gari ga na garwashi.

"Paris. Dogon ƙarhen nan da aka hawa. Huseina bisa wuya nai. Ni ban hau ba, na ce ƙahwata ba ta barin ƙasa sau biyu cikin wata guda, jirgi ya ishe ni."

Wuta.

Sai ga wanda ya jawo duk wannan. Bayansa ma da sauran gam ɗin da Albarka ya manna shi da shi. Su huɗu a kan gada, kogi a bayansu, iska ta ture gyalen Kubura zuwa wuya, hannun Lukuman a kafaɗarta, tana dariya har da runtse ido.

Kubura ta ƙura masa ido. Ta manta rabon da ta yi irin wannan dariyar.

"Wata tsohuwar Baturiya tad ɗauke mu. Ita tac ce mu matso." Ta ɗan karkata kai. "Ashe ma na yi kyau."

"Ba ki da kunya, Kubura."

"Ina da ita, Bappa. Wurin ga dai ban ga abin jin ta ba."

Ya dunƙule hoton kafin ya jefa shi, don haushi.

Ambulan ya zama fanko. Saura ɗaya tal a hannunsa.

Ya ɗago shi.

Kubura ta dube shi.

Babu gada, babu dogon ƙarfe, babu tantabaru. Fuskar Lukuman ce kawai ta cika takardar, hularsa a karkace yadda ya saba, ɗan tabon da ke gefen girarsa ya fito sarai, yana kallon mai kallonsa kai tsaye. Duk ƙarfin halin da ta tattaro tun daga Kalgo ya nemi ya zube a nan. Kewarsa ta taso mata.

"Labarin ya ƙare?" in ji Bappa. "Wane gari na wanga?"

Ba shi ta duba ba. Ta juya gaba ɗaya ta fuskanci rumbu, inda bayan Inno yake tun ɗazu bai motsa ba.

"Wanga ba nawa na ba. Ba na su Hassan na ba."

"To na wa?"

"Na Inno na."

Tsakar gidan ta yi tsit, sai ƙarar tsakuwa da Inno ke jefarwa daga faifai, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni nid ɗauke shi da hannuna, sahiyar da za mu baro Paris, bakin tagar masauki. Yas sa hula, yac ce in matso. Nim matso, yac ce in ƙara. Nic ce mai huska ɗai za ta hito, garin hwa? Yac ce ba gari shika so ba."

"Kubura, ya isa," in ji Bappa.

"Bai isa ba. Yac ce, tun da Inno tah haihe ni ba ta taɓa dubana ido da ido ba. In na shigo ƙasa taka duba, in na hita nika jin idonta bisa bayana. Yac ce ban ga laihinta ba, haka tat taras ana yi. Amma takarda ba a jin kunyarta. In an wanke, ki kai mata ɗaki ba mai gani, ki aje bisa gado, ki hito ki saki asabari. Ta dube ni iya son ranta."

Ƙarar tsakuwar ta ɗauke.

Rabi ta fashe da kuka ta shige ɗaki.

Kubura ta ci gaba, ba ta sauke muryarta ba.

"Saƙo na, Inno. Bai iya kawo miki da kai nai ba, ni yab ba. Na so in kawo shi a ɓoye wada yac ce, ba a bar ni ba. To ga shi na isar gaban kowa. In an ƙone shi, ba wuyana ba."

Ta jira.

Inno ba ta juyo ba.

Wani ɗaci ya taso wa Kubura. Ta ce a ranta, dama na sani. Matar da ta dama fura ranar mutuwar ɗanta, takarda ce za ta tashe ta?

Bappa ya share gumi da hannun riga. Muryarsa ta sauka, ba irin ta ɗazu ba.

"Kina zaton ke ɗai kinka yi rashi? Ni nik koya mai kiwo. Ni nik kai shi makaranta bisa keke. Tun ran da nis sa shi rami ban yi barcin kirki ba, kullum huskar nan nika gani. Ba ni son ta cikin gidan ga bisa takarda, kowa na ɗauka shina ajewa. Na riga na hwaɗa gaban mutane dut za a ƙone, kuma dut za a ƙone."

Ya miƙa hannu saman kaskon. Hoton yana tsakanin yatsunsa biyu, zafin garwashi har ya fara lanƙwasa gefensa.

Kubura ta yunƙura za ta miƙe.

"Haruna."

Ba muryar Kubura ba ce.

Faifan ya kife, shinkafa ta watse a ƙasa, kaji suka rugo. Inno ta dafa rumbu ta miƙe. Ta juyo. Fuskarta sharkaf take da hawaye, har gaban zanenta ya jiƙe, ashe tun Amsterdam take yi ba wanda ya sani.

Ta tako, ba sauri, ba ta dubi kowa ba, har ta tsaya gaban kaskon. Ta miƙa tafin hannu.

"Inno, koma ki zamna," in ji Bappa. "Wagga magana ba taki ta ba. Kin san ba ki shiga sha'anin wancan."

"Ba ni shi."

"In ba ki wa?"

Ta buɗe baki ta rufe, kamar mai koyon magana. Shekara arba'in sunan yana bakinta ba ta taɓa barin ya fito ba, ko a ɗaki, ko a addu'a da ƙarfi.

"Ba ni Lukuman."

Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta saki salati. Mai tankaɗe ta saki rariya.

Bappa Haruna ya zabura kamar an taɓa shi da wuta, ya ɗago kai yana duban matar wansa, bakinsa a buɗe.

Yatsunsa suka saki.

Hoton ya faɗa tsakiyar garwashi, fuskar tana sama. Gefen hular ya fara baƙi.

Kubura ta yi tsalle, amma akwai wadda ta fi ta kusa.

Inno ta cusa hannunta cikin wutar.